Yadda Na Kai Muryar Bulama Yamai

Shekarar da na je Yamai ita ce wadda ta biyo bayan hana hawa babur a Diffa, ana cikin hana cinikin tattasai da bandar kifi, kafin cikar nan da kogin Komadugu ya yi har ya shiga gidajen mutane. Alhaji mijina bai daɗe da rasuwa ba, don na tuna ko kayansa ba a gama rabawa ba. Tun da na dawo, ba gidan sunan da zan je, ba zaman makokin da zan zauna, sai an samu mai matsowa kusa ta ce, "Hajiya Mariama, wai yaya Yamai take?" Sai in ba su labarin babura da dogayen gidaje, in haɗiye sauran. Yanzu wanda nake ɓoyewa dominsa ya riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na kira Malama maƙwabciyata na ce ta ɗauko alƙalami, in faɗa ta rubuta, wanda ya sake tambaya a miƙa masa. Ni ban yi lakkol ba, wato boko, amma tunda nake ba a taɓa cewa in maimaita magana don ba a gane ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗana Lawali, shi kaɗai ne namiji a cikin ƴaƴana, tattasai yake saye a ƙauyukan bakin kogi kamar yadda ubansa ya yi. Da aka yi kamen nan bayan hari, sai aka haɗa da shi, wai yana kai wa mutanen daji kaya. Kun san mu a nan ba ma kiran sunansu. Aka kwashe su zuwa gidan kaso can wajen Yamai. Muka samu lauya, mace ce, kowa Metir yake ce mata. Ta kira ni ta ce, "Hajiya, kuka ba ya fitar da mutum. Ki samo mini dattijon da ya san shigar ɗanki da fitarsa."

Akwai shi. Bulaman wani ƙauye ne gaba da Geskeru, wanda aka tasa da mutanensa, suka zo suka kafa bukkokin tamfol a Asaga. A ƙofarsa Lawali yake auna tattasai. Na yi ta zarya wurinsa har takalmina ya san hanya, kafin ya yarda. Metir ta aiko da wayar ofishinta a naɗe, ta ce a ɗauki muryarsa a ciki, kada a tura wa kowa, in kawo da hannuna. Falmata matar Lawali ta danna masa, sai ya kore mu waje, ya yi maganarsa shi kaɗai da Barbarci. Da ya gama ya miƙo mini wayar ya ce, "Hajiya, na faɗa, ba zan sake ba ko wuƙa aka sa mini. Na ambaci wanda ke kai kayan, kuma yana nan cikinmu. Kunnen lauya, kunnen alƙali. In mutumin bakin kogi ya ji, ko wane ne, kin kashe ni."

Na ce, "Bulama, na ɗauka."

Ni kaɗai na so in tafi, amma Ya Kaltum ta ce ƙafarta ƙafata. Ita ce uwar Falmata, Babarbariya ce, ƙauyensu na kallon ƙauyen Bulama. Na ce, "Ke da mota ke juya wa ciki tun kafin a tada ta?" Ta ce, "Ke kuma da ba ki ganin rami sai kin faɗa? Mijin ƴata ne, zan je." Haka muke da ita tun ranar da aka kai lefe.

To, akwai abin da wanda ba ɗan Diffa ba ba zai sani ba. A shekarun nan ba mai fita gari da waya sai an wanke ta. Ba da ruwa ba. A tasha akwai mai teburin cajin waya, ka miƙa masa, ya share duk abin da ke ciki, hoto da murya da lambobi. Don a shinge sojoji na buɗe waya, in suka ga wa'azin da ba su gane ba, ko hoton wani mai gemu, ko da kawunka ne, to tafiyarka ta ƙare a nan. Wanke waya ya zama kamar ɗaura ɗankwali, ba a ma tunani.

Da safe a tasha na ba Ya Kaltum ƙunshina na zagaya in yi alwala. Na dawo, muka shiga kar, babbar motar fasinja, muka kama hanyar Maine. A shingen farko aka ce kowa ya sauko da katinsa da wayarsa. Na kwance zanen na miƙa wayar. Sojan ya kunna, ya duba, ya juya ta, ya miƙo mini. Na ce Allah na gode. Muna komawa mazauni Ya Kaltum ta zungure ni da gwiwar hannu tana murmushi.

"Kin ga amfanina? Kina bayan gida na ba mai caji ya wanke mana duka. Taki ta yi masa gardama, sai da ya mayar da ita sabuwa fil."

Jama'a, ban yi ihu ba. A cikin kar daga Diffa ba a ihu, ba ka san wa ke bayanka ba. Na matso da bakina kunnenta na ce, "Kin san abin da ke ciki."

Ta dafe ƙirji. "Wayyo! Na ɗauka wancan ba ya wankuwa. Ba Falmata ta ce a kulle yake ba?"

Na dube ta, ta dube ni. Idonta ya kawo ruwa, amma Ya Kaltum ko albasa aka yanka a maƙwabta sai ta yi hawaye.

Na yi tunanin in sauka a Maine in koma. In koma in ce wa Bulama me? Ya riga ya gaya mini. Na ce to, ko ba komai zan ga ɗana, in kuma gaya wa Metir da bakina.

Hanyar daga Gudumariya zuwa Gure ba hanya ba ce, ramuka ne aka jera. Wani ɗan kasuwa a gabanmu ya yi ta ba mu labarin ciwon bayansa, wata Bafulatana kuma kazarta ta kwance ta bi ta kan cinyoyin mutane. Ni duk ban ji daɗin dariyar ba. Ga wani wari da ke tashi kusa da ni tun da rana ta yi zafi. A shingen Gure jandarma ya shigo, ya ja hanci, ya tsaya a kanmu. Ashe banda Ya Kaltum ta ɗaure a ƙugu, ƙarƙashin zane, wai za ta kai wa Lawali. Bandar da aka hana! Jandarman ya ce, "Iya, wannan cikin naki na wata nawa ne?" Motar ta ɗauki dariya. Ya karɓe, ya yi mata faɗa, ya bar mu don tsufa.

Daga nan zuciyata ta fara aiki. Matar da tsoron soja ya sa ta wanke waya, ita ce ta ɗauro banda a ƙugu? Na juya wannan maganar tun daga Gure har Damagaram ban samu inda zan ajiye ta ba.

Damagaram garinmu ne, can aka yanke mini cibiya. Muka sauka gidan ƙanena. An yi mana tuwo da miyar kuka irin ta gida, an shimfiɗa mana sabuwar tabarma, ba laifi. Sai dai da safe matarsa ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, in maƙwabta sun tambaya, mun ce daga Gure kuke." Ni da aka haifa a unguwar nan kafin a haifi uwarta. Na dai ƙi shan kununta.

Daga nan har Yamai abu ɗaya ne ya yi ta faruwa. Kowane shinge, da an karanta kati an ga Diffa, sai a ce mu koma gefe. Ƴan Maraɗi su hau, ƴan Tasawa su hau, mu muna tsaye a rana ana zazzage mana ƙunshi. A Ƙonni, inda Najeriya take nan kusa kamar ka miƙa hannu, wata mai sayar da albasa ta ji inda muka fito, sai ta janye tirenta. Ya Kaltum ta ce mata da Hausarta mai karkata, "Ƴata, albasa muke ci, ba mutane ba." Na so in yi dariya, na tuna fushi nake da ita.

Yamai kuwa, abin da ya fara tarbata babur ne. Na daɗe ban ji ƙararsa ba, a wurinmu in ka ji babur to ba alheri ba ne. Ɗaya ya wuce ta bayana, sai ga ni a durƙushe bayan wata mai tuyar ƙosai. Ta ce, "Fofo, Iya, lafiya?" Haka Zabarmawa ke gaisuwa. Na ce zobena ne ya faɗi. Masaukinmu gidan wata ƴar Maine ce da ke karɓar matan Diffa masu zuwa ganin ƴaƴansu. Ɗaki cike da mata, kowa ta san abin da ya kawo kowa, amma ba mai tambayar sunan ɗan wata. Abincinsu dambu ne da zogale, sai shinkafa, sai shinkafa. Miyarsu ja ce a ido, a baki kuwa ba ta san tattasai ba.

Na ga Lawali. Ba zan faɗi yadda na same shi ba, uwa ba ta faɗin wannan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Iya, Bulama ya yi magana?" Na ce, "Ya yi." Ya sauke numfashi. Ban ƙara ba.

Washegari muka je kabinen Metir, wato ofishinta, a saman bene, sanyi kamar cikin randa. A ƙofa akwai magatakardanta, mutum mai fara'a, da ya ga tsagar Ya Kaltum sai ya juya harshe zuwa Barbarci: "Wushe, wushe!" Ashe ɗan wajen Geskeru ne. Suka shiga tambayar wane da wane, wa ya mutu, wa ya koma Asaga. Ni dai na riƙe fuskarsa.

Metir doguwa ce, ba ta da yawan dariya. Na ajiye wayar a teburinta na gaya mata abin da ya faru, ban rage ba, ban kuma dubi Ya Kaltum ba. Ta dafe kai. Can ta ce, "Tsaya. Ni shari'a na karanta, bari in kira mai abin."

Mai abin shi ne Malam Isufu, wani mai furfura a gemu da jaka a kafaɗa. Ba ma'aikacinta ba ne. Su ƴan wani ƙaramin kamfani ne, suna kula da injunan lauyoyi da na masu shagon magani da na ƴan kasuwa, in sun lalace su gyara, in ɓarawo ya leƙo su tare. Ya juya wayar ya ce, "Wanda ya yi wannan ya iya aikinsa. Hajiya, bayan an ɗauki muryar, kun shigo da ita cikin garin Diffa a kunne?"

"Ta kwana a ƙarƙashin matashina."

"To ki kwantar da hankalinki. Ni na shirya wayar nan. Duk abin da aka sa mata, da ta samu rezo, wato sabis, sai ta aika da irinsa ma'ajiyar kabine. Ana ce wa wurin gajimare."

Na ce, "Malam, na girme ka, kada ka kai ni sama."

Ya yi dariya. "Suna ne kawai. Wani ƙaton gida ne cike da injuna, a wata ƙasa."

"Ƙasar wa?"

"Ta Turawa."

Ya danna abin da zai danna, ya juyo mini da allon. Ni ba karatu na iya ba, ya nuna wani ɗan layi ya ce ga ta nan. Wallahi a raina na ce Lawali ya fita. Ban gama hamdala ba sai wani tunani ya zo mini. Bulama ko Maine bai cika zuwa ba, ga muryarsa ta haye teku ba da saninsa ba. Ni ina kwance ina gadin waya, ita tana aika saƙo ta ƙarƙashin kaina. Abin da aka share a gabanka ya dawo, to me kuma aka taɓa sharewa?

Na ce, "Wa ya ji?"

Ya gyara zama, ka ga mutumin da aka taɓo masa abin da yake so. Ya ce a kulle take tafiya, a kulle take zaune, masu gadin gidan can ko sun fasa ba za su ji komai ba sai shirme. Ya ce abin tsoro su ne ɓarayin nesa, masu turo saƙo kamar daga kotu, kana taɓawa su kulle maka injuna duka su ce sai ka fanshi kayanka. An yi wa wani mai shagon magani, ya ce, da ba don ajiyar can ba da ya rufe shago.

Na bar shi ya gama. Na ce, "Ban tambaye ka ɓarawon nesa ba. Baturen da bai san Asaga ba, in ya ji me zai yi da shi? A nan, cikin benen nan, wa ke da mabuɗi?"

Ya duba. "Metir. Sai magatakarda, don shi ke fassara shari'un Diffa."

"Ya buɗe?"

"Bai buɗe ba. Duk wanda ya shiga, injin na nunawa."

"Injin ne ya gaya maka?"

"Shi ne."

"Shi kuma wa ya rantsar da shi?"

Metir ta ɓata rai. Ta ce, "Hajiya, mutumin nan ya daɗe tare da ni, ban taɓa kama shi da komai ba. Ni ba na jin Barbarci. In ba shi, wa zai gaya mini abin da dattijon ya ce? Alƙali ba zai jira mu ba."

Na ce, "Ƴata, ban ce mugu ba ne. Uwarsa tana bakin kogi. In aka tsaya a kanta aka kira shi a waya, ke ma ba za ki ga laifinsa ba. Na yi wa Bulama alkawari, ban da mutumin bakin kogi. Fassara kuwa, tun ina amarya nake ciniki da Barebari. Ba su taɓa cutata a awo don ban ji ba."

Ta ce in na karkatar da magana don son ɗana, alƙali zai gane in ya ji Bulama da kansa, kuma abin zai dawo kan Lawali. Na ce na ji. Sai ta ce wa Malam Isufu ya rufe wa magatakarda ƙofar wannan ajiyar. Ya danna, ya ce an rufe. Na ce a nuna mini. Ya nuna mini wani layin. Layi dai, kamar na ɗazu.

Saura mutum ɗaya. Na juya na ce, "Ya Kaltum, je ki sha iska."

Ta ce, "Ni ma?"

"Ke ma."

Ta tattara zanenta a hankali, ta tashi. Ba ta yi hawaye ba wannan karon. Malam Isufu ya bi bayanta ya ja ƙofa.

Metir ta sa mini wani abu a kunne. Sai ga tarin Bulama, ga iska na kaɗa tamfol, ga akuyar nan tasa mai kukan tsiya, kamar ina tsugune a Asaga. Yana faɗa ina juyawa. Ya ce Lawali da rana yake zuwa, a gaban jama'a yake awo. Ya ce an taɓa tare Lawali a kan ya riƙa kawo gishiri da man fetur, ya ƙi, daga ranar bai sake kwana a ƙauyen ba. Ya ce mai kai kayan daban ne. Sai ya faɗi sunan.

Malama, ɗaga alƙalaminki, ba abin rubutawa a nan.

Metir ta ce, "Sunan ba aikina ba ne. Ni inda ɗanki yake da abin da ya ƙi yi nake so. Zan nemi alƙali ya sa a ji dattijon a can, a asirce. In ya ga dama ya faɗi sunan, bakinsa ne." Na ce to a share muryar daga gidan Turawan. Aka kira Malam Isufu, ya ce a bari sai an ji Bulama tukuna, kada a yi biyu babu. Gaskiyarsa ce, na yarda, ba don raina ya so ba. Daga baya Metir ta kira ni ta ce an share. Na yi godiya. Ban gani ba dai.

A hanyar dawowa muka tsaya a Doso. A nan Ya Kaltum ta sayi ƙwai dafaffe, ta ɓare, ta miƙo mini rabi tana kallon taga. Ta ce, "Hajiya, da na san haka ne da ban ba mai caji ba." Na ce, "Na sani." Ba ta tambaye ni sunan ba, ranar nan ko wata rana. Mace mai tambayar abin da maƙwabta suka dafa. Ko kunya ce, ko ta riga ta sani, Allah ne masani. Na taɓa faɗa mata haka a gabanta, ta ce tsufa ya fara taɓa ni.

An ji Bulama. Lawali ya dawo gida ana shanyar tattasai, bayan an sake buɗe ciniki.

Bulama ya rasu bara a kan tabarmarsa, ciwon ƙirji ne, ba hannun kowa. Ƴar Mainen da ta sauke mu ita ma ta rasu. Metir tana nan, takan kira da salla. Malam Isufu an ce yana nan yana gadin ƙofofin mutane. Lawali yana kasuwa, ya yi ƙiba har ina masa faɗa. Ya Kaltum tana raye, jikokinmu ɗaya, jiya ma a kwano ɗaya muka ci burabusko. Mai sunan nan shi ma yana raye. Ranar kasuwa yakan rusuna ya gaishe ni, in amsa masa, in tambaye shi iyali.